Uwargida, Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin Wi-Fi Ɗin Gidanki?

Ranar Juma'a maigida ya dawo daga kasuwar Wudil, ya saka data ta wata guda a 'yar na'urar intanet ɗin gida. Ko mako biyu ba a yi ba, sai ga saƙo wai data ta ƙare. Kin tsare babban ɗanki da tambaya, ya rantse shi karatun JAMB kawai yake yi. 'Yarki ta ce ita ba ta wuce WhatsApp ɗin 'yan ajinsu. Ke kuma kin san naki bai wuce ɗora hotunan turaren wuta da atamfofin da kike sayarwa ba. To, wa ya shanye?

Kafin ki ɗora wa yaranki laifi, ki sa a leƙa miki waje bayan sallar isha'i. Idan aka tarar samari sun jeru a jikin katangarki, ba mai shayi a wurin, ba majalisa, kowa ya sunkuya hasken waya na dukan fuskarsa, to kin samu rabin amsarki.

A Kausani, kamar sauran garuruwan ƙasar Wudil, gidajen da ke da kwamfuta suna ƙaruwa, kuma dalilin a fili yake. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, ga Makarantar Horar da 'Yan Sanda, ga kuma jarrabawar JAMB wadda tun 2015 da kwamfuta ake rubuta ta. Uwa ta gari tana son ɗanta ya saba da kwamfuta tun kafin ranar jarrabawa. Sai ki ga gida ɗaya da laftof ɗin ɗalibi, da tsohuwar kwamfutar maigida, da wayoyi biyar ko shida, duk suna ɗaukar intanet daga na'ura guda. Wannan haɗin shi ne Wi-Fi ɗin gida. Na'urar da ke rarraba shi kuma ita ce rauta, ko 'yar ƙaramarta mai batir da ake kira MiFi.

Ke ce ke riƙe da mabuɗin sito, ke ce kika san yawan shinkafar da ta rage a buhu. Wannan mabuɗin ma a hannunki ya kamata ya zauna, kuma aikin bai kai wuyar da ake ba ki tsoro da ita ba.

Asarar ba ta tsaya kan data ba

Data kuɗi ce, musamman tun watan Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Amma akwai abin da ya fi kuɗin nauyi.

Na farko, sirrin gida. Duk na'urorin da suka hau Wi-Fi ɗaya tamkar mutanen da ke zaune a tsakar gida ɗaya suke, suna iya ganin juna. Idan an bar wata jaka a buɗe a kwamfutar ɗanki, baƙon da ya shigo haɗin zai iya buɗe ta. Ki tuna abin da ke cikin kwamfutar nan: hoton takardar NIN, sakamakon jarrabawa, takardun fili, hotunan biki da na suna waɗanda ku mata kuka ɗauka a cikin ɗaki ba mayafi.

Na biyu, sunan da ke kan layin. Tun Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar NIN. Layin da ke cikin rautarku yana ɗauke da sunan wani a gidan, naki ko na maigida. Idan wani ya zauna a bayan katanga ya yi damfara ko ya ci zarafin wani ta layin nan, sawun farko da masu bincike za su bi ƙofarku zai kawo su. Ko da daga baya gaskiya ta fito, an riga an sha wahala. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutse cikin na'urar wani ba da izininsa ba, amma doka ba za ta zo ta rufe miki ƙofa ba.

Mabuɗi biyu ne, ba ɗaya ba

Nan ne akasarin gidaje ke tuntuɓe. Kowace rauta tana da kalmar sirri iri biyu. Ta farko ita ce wadda ake sakawa a waya don a hau intanet, kowa ya san ta. Ta biyu ita ce ta shiga shafin sarrafa rautar kanta, inda ake canza komai. Ta farko mabuɗin ƙofar gida ce, ta biyu kuma ta ɗakin da ake ajiye dukkan mabuɗan.

Rautoci da yawa suna fitowa daga kamfani da kalmar “admin” a matsayin suna da kuma kalmar sirri ta biyun, kuma mutane ƙalilan ne ke canza ta. Duk yaron da ya taɓa hawa Wi-Fi ɗinku, in ya san wannan, zai iya shiga ya karanta kalmar sirrinki, ya canza ta, har ya kore ki daga layin da kuɗinku ya saya.

Kada ki ɗauka wannan sakacin namu ne kaɗai. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rautoci a faɗin duniya, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i a Amurka. Ba wata gagarumar dabara ta yi ba. Kalmomin sirrin da na'urorin suka zo da su daga kamfani ta riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zauna ki yi shi yau

Ki ware rabin awa, ki ɗauko littafi da biro. Idan ɗanki ne zai taimaka, ya nuna miki wurin da za a taɓa, amma ke za ki rubuta kalmomin sirrin da hannunki.

1. Juya rautar. A ƙasanta akwai 'yar takarda manne mai ɗauke da sunan Wi-Fi, da kalmar sirri, da wasu lambobi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. A MiFi sau da yawa takardar tana ƙarƙashin murfin batir.

2. Wayarki na kan Wi-Fi ɗin, ki buɗe Chrome, ki rubuta lambobin nan a saman, inda ake rubuta adireshin shafi. Shafin rautar zai fito ya nemi suna da kalmar sirri. Ki saka waɗanda ke jikin takardar. Wasu kamfanonin suna da manhajar waya da ke yin wannan aikin, duk ɗaya ne.

3. Fara da mabuɗi na biyu. Nemi inda aka rubuta “Admin” ko “System”, ki canza kalmar sirrin shafin. Wannan daga ke sai maigida.

4. Koma inda aka rubuta “Wi-Fi” ko “WLAN”, ki canza sunan haɗin. Kada ki sa sunan maigida, ko lambar waya, ko “Gidan Alhaji wane”. Suna ne da duk mai wucewa a layinku zai gani a wayarsa, don haka ki zaɓi wanda bai nuna gidan kowa ba.

5. A wurin “Security” ki zaɓi WPA3 idan akwai, in babu ki zaɓi WPA2. Waɗannan nau'o'in kwaɗo ne da ke murɗe saƙon da ke tashi tsakanin waya da rauta, yadda wanda ya tare shi a iska ba zai iya karantawa ba. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018. Idan tsohuwar kwamfuta ta ƙi hawa WPA3, akwai zaɓin da ya haɗa biyun. Wanda ake kira WEP kuwa tun 2001 masana suka gano yadda ake ɓalla shi. Rautar da ba ta da komai sai shi ta gama aiki.

6. Canza kalmar sirrin Wi-Fi ɗin. Da kin adana, kowace na'ura a gidan za ta sauka, har wayarki. Kada ki tsorata, haka ake so. Sai ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki saka sabuwar.

7. Kashe WPS. Wata hanya ce ta hawa ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ta danna maɓalli ko saka lambobi 8. A ƙarshen 2011 aka gano cewa gwaji 11,000 ya isa a cinko lambobin, abin da kwamfuta ke iya yi cikin sa'o'i kaɗan.

Idan rautar ta hannu ce, wadda aka sayo a Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ko wani ɗan'uwa ya ba ku, ki fara da mayar da ita sabuwa. Akwai ɗan rami a bayanta da aka rubuta “Reset”. Ki danna shi da tsinken sakace na kamar daƙiƙa 10, duk saitin mai ita na da zai goge.

Wannan ɗan ramin ne kuma ya sa bai kamata rauta ta zauna a zaure ko a shagon ƙofar gida ba. Duk wanda hannunsa ya kai gare ta zai iya danna shi, ya karanta takardar da ke ƙasanta, ya rushe duk abin da kika yi. Ki ajiye ta a ɗakinki ko a falo, a wuri mai ɗan tsayi, nesa da katangar waje. Haka 'yan gida za su fi samun ƙarfinta, na waje kuma ya ragu.

Wace irin kalmar sirri?

Ba lambar wayar maigida ba, ba sunan auta da shekarar haihuwarta ba, ba 12345678 ba. Waɗannan su ake fara gwadawa, kuma a gari irin namu kowa ya san sunan 'ya'yan kowa.

Rauta ba ta karɓar ƙasa da haruffa 8, amma ki wuce haka sosai. Tsawo ya fi wahalar da mai kutse a kan tarkacen alamomin da ke kanki za ki manta. Ki haɗa kalmomi huɗu na Hausa da ba su da dangantaka da juna, ki jefa lambobi a tsakani, misali irin “ludayi47raƙumiGadaLalle”. Misali ne kawai, kada ki ɗauki wannan, ki ƙirƙiro taki. Ki guji haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ, domin ba kowace na'ura ke karɓar su ba, wato a misalin nan k za ki rubuta a raƙumi. Ki rubuta ta a littafi ki ajiye inda kike ajiye sarƙarki.

Sai dai ki sani, mafi yawan kalmomin sirri ba sace su ake yi ba, bayar da su ake yi. Tun fitowar Android 10 a 2019, wayar da ke kan Wi-Fi tana iya nuna wani hoto mai ɗigo-ɗigo, wanda aboki zai haska da tasa wayar ya hau nan take, kuma a wayoyi da yawa kalmar tana fitowa ɓaro-ɓaro a ƙarƙashinsa. Ɗanki ya ba aboki ɗaya, abokin ya ba uku. Don haka ki zaunar da yaran ki gaya musu wannan amanar gida ce. Sannan duk ranar da aka saka sabuwar data, ki buɗe shafin rautar ki duba jerin na'urorin da ke kai, inda aka rubuta “Devices” ko “Connected”. Ki ƙirga. Idan na gidanku bakwai ne kika ga goma sha ɗaya, lokacin canza kalma ya yi. MiFi da yawa ma suna ba ki damar ƙayyade adadin na'urorin da za su iya hawa lokaci guda.

Maƙwabta fa?

Ga inda abin ke da nauyi a zuciya. Maƙwabciyar da ta zauna da ke ranar da kika haihu ta aiko ɗanta yana son cike fom ɗin makaranta. Ƙanin maigida ya zo hutu. Da wane baki za ki ce a'a?

Ba sai kin ce a'a ba. Magabatanmu sun riga sun warware irin wannan da suka gina zaure: a karɓi baƙo, a shimfiɗa masa tabarma, a kai masa ruwa da abinci, amma bai ga tsakar gida ba, kuma ba ya jin an wulaƙanta shi. Rauta ma tana da zaurenta, ana rubuta shi “Guest”. Haɗi ne na biyu mai sunansa da kalmar sirrinsa daban. Wanda ya hau shi yana samun intanet, amma ba ya ganin kwamfutocinku. Ki tabbatar dai zaɓin da ke ba baƙi damar shiga haɗin cikin gida yana kashe. Wasu rautocin har suna bari ki sa masa lokaci, bayan awa biyu ya rufe da kansa.

Idan taku ƙaramar MiFi ce da ba ta da wannan, ki karɓi wayar baƙon ki saka masa da kanki, in ya gama buƙatarsa ki canza kalmar. Kin sauke haƙƙin maƙwabtaka, kin kuma tsare gidanki.

Haɗa kwamfutocin gida da juna

Amfanin Wi-Fi bai tsaya kan hawa intanet ba. Kwamfutoci biyu da ke kan rauta ɗaya suna iya miƙa wa juna takardu da hotuna ba tare da sun ci data ko kaɗan ba, domin saƙon bai bar gidan ba. Wannan ya fi yawo da filashi daga kwamfuta zuwa kwamfuta, musamman wanda ya je shagon buga takardu ya kwaso cuta.

Idan Windows kuke amfani da shi, kwamfuta tana ɗaukar kowane haɗi a ɗayan matsayi biyu: “Private”, wato na gida, ko “Public”, wato na jama'a. Wi-Fi ɗin gidanku kaɗai za a sa a na gida, shi ma bayan kin gama kulle shi. Na makaranta, da na shago, da na gidan aboki, duk a bar su a na jama'a, domin a wannan matsayin kwamfuta tana ɓoye kanta daga sauran. Ki jaddada wa ɗalibinki wannan, tunda laftof ɗinsa ne ke fita yana dawowa.

Sannan a buɗe jaka guda tak, a sa mata suna kamar “Na Kowa”, ita kaɗai za a raba tsakanin kwamfutocin. Abin da ake son turawa a jefa a ciki, in an ɗauka a goge. Kada a raba kwamfutar gaba ɗaya. A bar zaɓin da ke neman kalmar sirri kafin a buɗe jakar a kunne. Takardun NIN, da na banki, da hotunan iyali kada su kusanci jakar nan.

Idan yara da manya suna amfani da kwamfuta ɗaya, a buɗe wa yaran nasu asusun daban, marar ikon saka manhaja. Yawancin cututtukan da ke shiga kwamfutar gida ta hanyar wasannin kyauta da manhajojin sata suke shigowa.

Abu biyu kuma game da Windows. Yana sabunta kansa a ɓoye, kuma hakan na iya cinye data mai yawa a dare ɗaya, wataƙila ma shi ne ɗaya rabin amsar tambayarmu ta farko. A saitin Wi-Fi akwai “Metered connection”, in aka kunna shi kwamfuta za ta rage wannan ci. Amma kada a daina sabuntawar gaba ɗaya, domin ita ce ke toshe ramukan da aka gano. A zaɓi rana guda a wata a yi ta da gangan. Na biyu, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 daga 14 ga Oktoban 2025. Idan shi ne a kan tsohuwar kwamfutarku, a tambayi mai gyara ko za ta ɗauki Windows 11. In ba za ta ɗauka ba, a bar ta ga koyon rubutu da gwajin jarrabawa, a daina harkar banki a kanta.

Abin da idon yara ke gani

Rauta tana iya taya ki tsaro. A shafinta akwai wurin da aka rubuta DNS. Idan taku ta yarda a canza shi, ki saka 1.1.1.3 a layin farko, 1.0.0.3 a na biyu. Wannan hidima ce ta kyauta da kamfanin Cloudflare ya fito da ita a 2020 don iyalai, tana tare shafukan batsa da masu ɗauke da cuta a duk na'urar da ke kan Wi-Fi ɗin. Ga wayoyin ƙananan yara kuma akwai manhajar Family Link ta Google, wadda ke ba ki ikon ƙayyade lokaci da amincewa da kowace manhaja kafin a sauke ta.

Amma kada in yaudare ki. Wannan shingen yana aiki ne muddin yaro na kan Wi-Fi ɗin gida. Da ya kunna datar layinsa, ya fita daga ciki. Matasa da yawa sun koyi amfani da VPN lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma VPN yana tsallake irin wannan shinge. Haka nan Xender da makamantanta suna tura bidiyo daga waya zuwa waya ba data, ba rauta, ba wanda ya gani.

Saboda haka doka mai sauƙi ta fi kowane saiti ƙarfi. A kashe rauta da ƙarfe goma na dare, batirin sola ma ya huta. Wayoyin yara su kwana a caji a ɗakinki. Kwamfuta ta zauna a falo, fuskarta na kallon mutane. Sannan ki zama uwar da yaro zai iya zuwa ya ce mata, “Umma, na ga wani abu da ban gane ba,” ba tare da tsoron za a fara da duka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ki kuma riƙe wannan: komai ƙarfin kwaɗon rautarki, ba zai hana mai kira ya ce shi ma'aikacin banki ne ya nemi lambar da aka turo miki ba. Lambar BVN, da lambar sirrin katinki, da lambar da banki ke turowa ta saƙo, ba a faɗa wa kowa su a waya.

Yau da daddare, bayan an kwashe tuwo an wanke kwanuka, ki ɗauko rautar nan ki juya ta. Ko ba ki samu yin komai ba, ki canza kalmomin sirri biyun, ki ƙirga na'urorin da ke kai. In kin ƙirga, ki dawo ƙasan wannan shafi ki gaya wa 'yan'uwa mata nawa kika tarar, da inda kika maƙale, mu taimaki juna. Kalmar sirrin dai ki bar ta a littafinki.

Allah Ya tsare mana gidajenmu, Ya shirya mana zuri'a.